Hannun Gwaggo da Wuta Ba Ta Ci

Matan unguwarmu sun ƙi wanke gawar Gwaggo. Abin da nake riƙe da shi ke nan, kuma ban yafe ba. Da yawansu sun bi ta, ƙasa ta rufe musu ido, an kuma ce ba a tonon laifin mamaci. To ni zan tona. Ita kanta Gwaggon ina da magana da ita, ba kuwa zan rage mata komai ba. Na fi son a tuna da ita da laifinta, da a manta da ita da yabon ƙarya.

Ta cika bayan fitowar rana, a shekarar da ake aikin gada bisa gulbi, Nasara na shirin tattara kayansu. Kafin hantsi gida ya cika. Mata suka shigo da salati, suka zube a tsakar gida. Amma da ka ga zaman, ka san da magana. Tabarmin gidan na shimfiɗe, ba wadda ta hau. Kowace ta ja gefen zanenta ta zauna bisa ƙasa. Na ɗebo ruwa a randa na miƙa, wannan ta ce azumi take, waccan ta ce ita ma haka. Mata sun fi goma, duk azumi, a ranar da ba Litinin ba, ba Alhamis ba!

Kuka kuwa an yi shi. Matar Yayana ta fi kowa murya. "Wayyo uwarmu! Wayyo mai share mana hawaye! Wa zai dube mu yanzu?" Tana faɗa, tana fizge ɗiyarta daga kusa da tawa.

Ɗiyata ta fari ke nan, shekararta tara. Tun yaye Gwaggo ta ɗauke ta riƙo, tabarma ɗaya suke kwana, ƙwarya ɗaya suke sha. Tana tsaye jikin rumbu, an bar mata fili kewaye da ita kamar mai riƙe da maciji. Ba wadda ta furta sunan abin, amma kowa ya san shi: kuturta. Shekara biyu ana raɗa cewa ita ce ta lanƙwashe yatsun Gwaggo. Yanzu mai yatsun ta tafi, idanu suka koma kan yarinyar, suna lalubar inda abin ya ɓullo mata.

Yaya, wanda shi ne maigida tun rasuwar mahaifinmu, ya aiko daga zaure cewa kabari ya kusa, maza na jira, a hanzarta wanka. Ba wadda ta tashi.

Na ce, "Matar Yaya, ke ce babba a gidan nan. Tashi."

"Ai ni ba ni da tsarki."

"Yanzu kika ce azumi kike."

Ta sunkuyar da kai ta ƙara ƙarfin kuka. Na juya wurin tsohuwar maƙwabciyarmu, wadda ita ke wanke matan unguwa tun ban san kaina ba.

"Inna, ke fa?"

"Ɗiyar nan, hannuna rawa yake kwanan nan."

"Hannun da na ga ya surfa dawa jiya?"

"Ki ji tsoron Allah, makoki ake."

"Shi nake ji, Inna. Shi ya ce a wanke ta."

Muna cikin haka sai ga wata mai sayar da kifi daga Tunuga, Badenda, daga wata ƙabilar bakin gulbi, ba danginmu ba, ba maƙwabciya ba. Ta aje kwandonta a bakin ƙofa, ƙarnin kifi ya riga ta shiga. Ta yi gaisuwa da harshensu ta ce, "Fofo. Ina take?" Ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga babban yatsanta na dama mai tabo a gefen akaifa. "Wannan nata ne. Ita ta bar mini shi. Kawo buta, ni in zuba, ke ki wanke."

Kafin in faɗi abin da muka iske a ɗakin, sai na faɗi wace ce aka bari kwance.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ta yi aure biyu ba ta haihu ba, ta komo gida ta ce maza sun ishe ta. Gajera ce, baƙa, ba ta dariya sai ta mugunta. Sana'arta fata da akaifa. In ciwonka na ciki ne sai ta ce ka yi gaba, ita abin da ido ke gani take wa magani, ba ta sayen kifi a ruwa. Daga Zabori ake zuwa, daga Junju, daga ƙauyukan bakin gulbi, har daga hayin Dahome. Ba ta da laya, ba ta da turare, ba ta kiran iska. Kayanta ba su wuce faifai ɗaya ba: farar wuta, man kaɗe, sabulun salo, soso, bagaruwa, lalle, lemun tsami, da wani siririn ƙarfe da maƙeri ya yi mata.

Ƙazwa ce ta fi kawo mata mutane, kuma ba ta yi wa mutum ɗaya maganinta. "Ƙazwa ba ta mutum ba ce, ta gida ce. Je ka kawo mini gidan." In an zo, kowa sai an dirje shi da soso da sabulun salo har ƙurajen su buɗe, yara na ihu, tana cewa, "Yi da ƙarfi, a ji a Dosso." Sannan a shafe shi da farar wuta da aka niƙa cikin man kaɗe, daga wuya har tafin ƙafa, kwana uku a jere. Tufafi a dafa su a tukunya kamar wake, tabarmi a baje su a rana. Wanda ya tsallake ɗaya daga ciki ya komo yana susa, zagi zai fara sha kafin magani.

Wata rana wani mai tuƙin kamyo, babbar motar kaya, ya zo, babbar riga, ƙamshin turare, yana magana ƙasa-ƙasa. Wai borin jini ke damunsa.

"Borin jini ba ya kwana cikin wando, Malam. Buɗe yatsunka in gani."

"Gwaggo, a rufa asiri."

"Wane asirin, na Dosso ko na hayi? Ina matarka?"

"Ita lafiyarta lau."

"To je ka kawo mai lafiyar. Shekaranjiya na gan ta a kasuwa tana goga bayanta da ginshiƙin rumfa, har mai rumfar ya ce za ta kayar masa."

Makero kuwa, aske kan take, ta wanke, ta ɗiga ruwan tumfafiya kaɗan a bakin da'irar, ba tsakiya ba. "A baki yake ci, tsakiyar ya riga ya ƙoshi." Kan wannan ta yi faɗa da wanzamin unguwa, don ta ce shi ke yawo da makero daga kai zuwa kai da askarsa. Ta tare shi gaban masallaci ta ce ya riƙa sa askar a wuta, ko ta riƙa aiko masa da yaran ya ciyar. Har ta mutu ba su gaisawa. Akaifar da ta yi kauri ta ruɓe, kankarewa take ta ɗaura lalle, ta ce sauran maganin haƙuri ne, sai sabuwa ta ture tsohuwa, ko da za a shekara. Ƙyasbi, wannan fari-farin da ke fesowa a ƙirji da baya in zafi ya yi, ba ta ɗauke shi ciwo ba. "Bai taɓa kashe kowa ba sai ƴan kwalliya."

Sai kakkare, ciwon da ke kumbura yatsa a gefen akaifa ya hana mutum barci. In da sauran sauƙi, ta gasa lemun tsami a toka, ta huda, ta cusa yatsan ciki. In mugunya ta taru, sai sakiya: ta sa ƙarfen nan a wuta ya yi ja, ta sa a danne mai ciwon, ta huda. Haka ta yi wa mai kifin Tunuga, wadda ƙayar kifi ta soke, yatsan ya yi kamar tulu.

A wurin sakiyar nan sunanta ya fita. Gwaggo ba ta neman tsumma ko kara. Da yatsunta take ɗaukar garwashi daga murhu ta aza a kasko, ta riƙe ƙarfen kusa da inda ya yi ja, fuskarta ko gezau. Mutane suka ce asiri ne, wuta ba ta cin ta. Matar Yayan nan da ta rasa tsarki, ita ce ke baza labarin a wurin wanki: "Gwaggonmu fa ba a banza take ba!" Gwaggo ba ta taɓa cewa e ba, ba ta taɓa cewa a'a ba. Hannunta kullum baƙi ƙirin da lalle har wuyan hannu, da biki ba biki. Ni ma na yi alfahari da hannun nan. Duk garin Gaya ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa wane irin nama ne ba ya jin wuta.

Alheri tana da shi, sai dai ba ta iya bayar da shi da daɗin baki ba. An taɓa yar da wani tsohon ɗan dako a bakin gulbi, gyambo ya ci ƙwaurinsa har da tsutsa, ƙuda sun fi ƴan kallo yawa. Ta sa aka kinkimo shi zuwa rumfarta. Kwana arba'in tana wanke masa da ruwan bagaruwa, tana ba shi fura, tana zaginsa da uwarsa da ƙauyensu kowace safiya. Ranar da ya taka da ƙafarsa ya durƙusa zai yi godiya, ta ce, "Tashi ka ba ni wuri, warinka ya kore mini kaji."

Da likitan Nasara sun yi zaman doya da manja. Akwai wani anfirme, wato malamin jinya, mutumin Dahome, mai farar riga da karyayyar Hausa, shi ke duba marasa lafiya a gidan likita. Ya taɓa zuwa har gida ya ce ta bar huda mutane da ƙarfe. Ta ce, "Nawa daga wuta yake fitowa. Naka fa?" Ya ce nasa dafa shi ake. Ta ce, "To mun zama ɗaya, ni gashi, kai dahuwa. Gaida gida." Amma Gwaggo ba wawuya ba ce. Da aka kawo allurar da suke kira fenisilin, akwai wata yarinya da kabba ta fesa wa jiki, Gwaggo ta yi wata uku tana fama ba ta ci nasara ba. Aka yi wa yarinyar allura, kafin sati biyu miyakun suka bushe. Gwaggo ta taka har gidan su yarinyar ta juya ta gaba da baya, ta komo gida. Da yamma tana tankaɗe sai ta ce, kamar da rariya take magana, "Allurar nan ta fi ni." Tun daga ranar, kabba, da gyambon da ya ƙi ji, da kakkaren da ya hau hannu ya yi kaluluwa a hammata, duk can take turawa. "Je ka wurin mai dahuwa." Shi ma in maganin ƙazwarsa ya ƙare, sai ya rage murya ya ce a je wurin tsohuwa.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa tura masa ba, a nan kuma maganata da ita take.

Wata manomiya ta zo daga Zabori da wani fari a damtse, kamar ƙyasbi amma guda ɗaya, mai faɗi, ba ya zufa. Ina zaune ina niƙa farar wuta. Gwaggo ta ɗaure mata ido da kallabi, ta ɗauko gashin zabo. "In kin ji na taɓa, nuna wurin." Ta taɓa wuya, matar ta nuna. Ta taɓa gwiwar hannu, ta nuna. Ta shafa gashin a tsakiyar farin, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Matar na zaune tana jira.

Gwaggo ta kwance kallabin. "Ƙyasbi ne. Ungo mai, ki riƙa shafawa, ki riƙa sa riga mai hannu."

Da matar ta fita na ce, "Gwaggo, ba ta ji ba."

"Na tambaye ki?"

"An ce likita ya samu sabuwar ƙwaya ta wannan ciwon. An ce in aka fara da wuri ba ya taɓa yatsu."

"An ce. Da can ma an ce."

Sai ta ba ni labarin ƙanensu ita da mahaifina, autan ɗakinsu, wanda ban taɓa jin an ambata a gidanmu ba. Tun suna samari masu duba jiki na Nasara suka zo gari, aka tara mutane, aka ga fari a bayansa, aka rubuta sunansa. Aka kai shi inda ake tara masu ciwon, ana yi masa allurar wani mai da ke kumbura jiki ba ya warkarwa. A gida kuwa, tun bai mutu ba aka fasa akushinsa. Can ya ƙare, ba wanda ya je sai ita.

"Ciwon nan shekara goma yake yi kafin ya ci yatsa ɗaya. Littafin Nasara yini ɗaya yake cinye mutum dukansa. In na faɗa wa matar nan, na binne ta da ranta. Niƙa ki ba ni wuri."

Na ci gaba da niƙa. Wannan laifina ne, na kuma rubuta shi da hannuna. Matar ta koma Zabori da man kaɗe. Ban san abin da ya zama da yatsunta ba.

A shekaru biyun ƙarshe yatsun Gwaggo biyu na kowane hannu suka lanƙwashe, akaifun suka farfashe, gyambo ya buɗe a tafin ƙafarta ya ƙi rufewa. Matar wanzami ce ta fara raɗar, bashin gaba kuwa ba ya ruɓa a unguwarmu. Mutane suka bar shigowa ta ƙofa. Amma ƙazwa ba ta bar gari ba, saboda haka sai su miƙo ƙoƙo ta bisa darni, a zuba musu magani, su karɓa da ganye. Maganinta na da tsarki, hannun da ya haɗa shi ne ba shi da shi. Na ce mata mu je wurin anfirme, ta jefe ni da muciya. Ta ce kanwa da farar wuta ne suka cinye mata hannu, shekara arba'in tana dama su. Na yarda, don yardar ta fi mini sauƙi. Ƙafar ce ta kumbura daga baya, zazzaɓi ya shiga, kwana shida ta tafi.

To, muka shiga ɗakin, ni da mai kifi. Muka rufe ƙofa da asabari, na yi bismilla, na janye mayafin.

Ban taɓa ganin bayan Gwaggo ba. Ba ta wanka a gulbi, ba ta tuɓe riga ko ana zafin da kaza ke buɗe baki. Daga kafaɗa har ƙugu, faci-faci ne, fari mai ja-ja, gefen ya tasa kamar bakin faifai. Na kama hannun na jiƙa, na duba ƙarƙashin lallen da kyau, abin da ban taɓa yi ba tana da rai. Tabon ƙuna ne bisa tabon ƙuna, tsoho da sabo, har ba a gane zanen tafin. Wuta ta ci ta. Kullum tana cin ta, gabanmu, muna tafi muna kabbara. Ita ce dai ba ta ji.

Mai kifi ta duba, ta faɗi wata kalma da harshensu, ta gyara riƙon buta. "Wanke," ta ce. "Ba ta tambaye ni me ke cikin yatsana ba kafin ta kama."

Muka wanke ta sau uku, har tsakanin yatsun nan, ba mu tsallake ko'ina ba. Muka sa ta a likkafani, maza suka ɗauka.

Abin da ya fi ƙona mini rai, matan nan sun canka daidai. Amma kada wata ta ɗauka wannan ya wanke ta. Ba wadda a cikinsu Gwaggo ba ta kama ruɓaɓɓen yatsanta ba, ko kan ɗanta mai makero, ko gindin jaririnta mai ƙuraje. Shekara arba'in tana sa hannu cikin ƙazantarsu. Rana ɗaya tak ta bukaci nasu hannun, suka ɗauki azumi.

Da la'asar, mata sun ragu, na dubi jikin rumbu. Yarinyar na nan inda take, ba wanda ya ba ta ko ruwa.

A wurinmu uwa ba ta sake wa ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta nuna ta damu. Kunya ce, kuma ni na riƙe ta fiye da kowa, har ana yabona. Tun da aka yaye yarinyar ban yi mata wanka ba, ban tsefe mata kai ba, ban dubi jikinta ba. In zan aike ta, "ke" nake cewa. Gida ɗaya muke, amma na fi sanin bayan tukunyata da bayan ɗiyata.

Na ce, "Ke, zo."

Na kai ta bayan rumbu inda rana ke bugawa, na ce ta tuɓe riga. Ta tsaya tana kallona.

"Gwaggo ta hana."

"Gwaggo na kabari. Tuɓe."

A ƙasan kafaɗar hagu yake, faɗinsa kamar gindin ludayi, yana ƙyalli da man kaɗe.

"Wa ke shafa miki mai a nan?"

"Gwaggo. Kullum da safe. Ta ce ƙyasbi ne, kada in yi wanka a gulbi da yara su yi mini dariya."

"Tun yaushe?"

"Tun waccan damina."

Na tsinci gashin kaza a ƙasa, na kwance kallabina na ɗaure mata ido. Na ce in ta ji ta nuna. Na taɓa wuyanta, ta noƙe tana ƴar dariya. Na taɓa haƙarƙari, ta nuna. Na sa gashin a tsakiyar farin na shafa. Na sake. Na juya tsinin na danna.

Ta ce, "Inna, kin fara?"

Allah ya sani, da Gwaggo na gabana a lokacin, da na ɗaga mata hannu. Ta sani. Ita da ta fi kowa sani a ƙasar nan, ta ga abin a jikin yarinyar da take taunawa abinci, ta yi gwajin nan na tabbata, ta ji shirun da na ji, sannan ta ɗauko man kaɗe. Gidan likita na nan, tafiyar da ba ta kai a dafa shinkafa ba. Shekara guda da rabi tana shafa mai bisa wuta. Na san so ne. Na san ƙanenta take gani. Amma son da zai zauna yana kallon yatsun yarinya suna jiran layinsu, ni ban gode masa ba. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa wutar da ta ci ta a duniya ita ce iyakar rabonta, ya saka mata da kowane miki da ta wanke. Wannan guda ɗayan kuwa, ni da ita sai gaban Allah.

Mijina ya gangara gulbi da jirginsa wajen Yawuri, ba a sa ran shi sai bayan wata. Saboda haka Yaya na samu, bayan masu gaisuwa sun tashi daga zaure. Na faɗa masa duka, na bayan Gwaggo da na yarinyar. Ya daɗe yana jan tasbaha.

"Wa ya gani ban da ke?"

"Ni kaɗai."

"To ki bar shi haka. Bari a yi sadakar arba'in, ƙura ta kwanta."

"Ciwon zai zauna makoki tare da mu?"

"Ki saurare ni. In aka rubuta ta, an rubuta gidan nan. Ke da ke sayar da tuwo a bakin gulbi, wa zai sake sa hannu a kwanonki? Ƴaƴana mata uku, wa zai yi sallama a ƙofar nan? Mutane zato suke. Zato na gushewa, littafi ba ya gushewa."

"Bakin Gwaggo ke nan ka ara."

"In ya zama dole, ki ƙetare da ita hayi, can cikin Dahome, inda ba a san mu ba."

"Ƙwayar nan ba sha ɗaya ba ce, Yaya. An ce shekaru ake yi ana karɓa. In riƙa ƙetare gulbi da ita a ɓoye kamar kayan sumoga, ranar da ruwa ya cika mu fasa? Tuwona ya kwana a tukunya. Yatsunta goma ne, goma nake so su zauna."

"Ban ba ki izini ba."

"Ban zo nema ba. Na zo ne kada ka ji a bakin matarka."

Washegari da hantsi, mata sun sake cika tsakar gida, kowace bisa gefen zanenta. Na yi wa yarinyar wanka da kaina, na wanke man kaɗen nan tas, na sa mata rigarta ta salla. Na kama hannunta muka ratsa ta tsakiyarsu. Suka riƙa janye ƙafafu.

Matar Yaya ta ce, "Ina zuwa haka, ana zaman makoki?"

"Likita."

"Wa ba shi da lafiya?"

"Wadda kuke kallo tun jiya. Ku huta da leƙe, zan kawo muku labari."

Akwai hanyar bayan gari, ta cikin gonaki. Ta kasuwa muka bi. Masu goro suka gan mu, masu jirgi da ke cin tuwona suka gan mu, wanzami ya tsaya da aska a hannu. Hannun yarinyar na cikin nawa, ban saki ba.

Anfirme ya gane ni. Ya miƙe ya ce, "Tsohuwa ya tafi. Sannu, sannu. Ya iya aiki." Na ce ba gaisuwa ta kawo ni ba. Na juya masa bayan yarinyar. Ya duba a hasken taga, ya sa ta rufe ido, ya gwada da auduga, ya kama hannuwanta ya murza yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya sa ta damƙe nasa da ƙarfi.

"Hannu lafiya," ya ce. "Kin zo da lokaci. Amma sai na rubuta. Kin sani?"

"Na sani."

Ya jawo babban littafin, ya buɗe, ya tsoma alƙalami. A bakin taga mutane sun taru, har da waɗanda suka biyo mu daga kasuwa.

"Sunanta?"

Yarinyar ta ɗago tana kallona, don ba ta taɓa jin shi a bakina ba. Na faɗe shi, da ƙarfi, yadda na bakin taga ba za su ce ba su ji ba.